Wasiƙu Talatin da Ɗaya Zuwa ga Auta

"...lafiya lau muka tashi, Maigida. Kai ne dai na ga ka ƙara tsufa tsakanin jiya da yau."

"Tsufan nan da kike gani, girkinki ne ya jawo shi. Shigo, Baturiya, ki cire takalmi, nan ba jirgi ba ne."

Tun da ta dawo daga karatu a ƙasar waje kakanta ya laƙaba mata wannan suna, ita kuma ba ta fasa kiransa Maigida ba. Shekara talatin da huɗu ya yi yana buga tafireta a ofis, har yau unguwa Akawu take ce masa. Tafiretar tana nan a kan tebur an lulluɓe ta da tawul, da wani ɗan magogi mai burushi rataye a jikinta.

Kwana uku ke nan da ta bar masa kwamfutarta ta hannu, wadda ya ce ba komai ba ce illa tiren shayi da ya yi boko. Ta nuna masa yadda ake buɗe sabon shafi, ta tafi. Wasiƙa yake so ya rubuta wa ƙanensa Auta. Shekara bakwai ba sa magana, tun ranar da Auta ya sare mangwaron da mahaifiyarsu ta dasa don ya sami wurin ajiye mota. Gobe da safe za a yi wa Auta aiki a asibiti, yau kuma da ƙarfe biyu mamanta za ta je dubiya. Idan wasiƙar ba ta bi ta ba, babu mai kai ta.

"Ka gama?"

"Ni? Lokacin da nake gama wasiƙa kafin shayi ya huce, uwarki ma ba ta san hanyar makaranta ba."

"To miƙo in kai shago a buga. Saura minti arba'in."

Ta buɗe, ta tsaya. Ta kashe, ta sake kunnawa. Takardu ne jere reras a fuskar gilashin, babu mai suna ko ɗaya, duk kamarsu ɗaya kamar ƙwan zabi. Ta ƙirga da yatsa har sau biyu.

"Maigida, wasiƙa nawa ka rubuta?"

"Ɗaya. Ƙane nawa gare ni?"

"Talatin da ɗaya nake gani."

"To ya haihu. Dama na ce miki kada ki bar shi kusa da rediyo."

Ta duba ko wani abu ne ya lalace. A duk shekarun da ta yi tana rubutu da kwamfutar, ba ta taɓa yi mata haka ba. Ta buɗe ta farko, ta ga layukan sun kakkarye, wani dogo wani guntu, kamar haƙoran tsohon zarto.

"Me ya sami layukan kuma?"

"Tambayi tirenki. Ba shi da ƙararrawa. Injin kirki in ka kusa ƙarshen layi sai ya yi maka sallama. Wannan shiru kamar surukin da ya zo zance. Sai na riƙa ƙirga haruffa da kaina, in na kai sittin in sauko."

"Ai da kansa yake saukowa."

"Wa ya ba shi izini?"

Ta bar wannan, don lokaci ba ya jira. "In ka yi kuskure fa, yaya kake yi?"

Ya dube ta kamar ta zagi kakanninsa. Ya miƙa hannu ya kaɗa ɗan magogin nan. "Kin ga wannan? Ranar da na fara aiki aka ba ni. Duba bakinsa, ko sau ɗaya bai taɓa takarda ba. Akawun da ya san kansa ba ya goge. In ya yi kuskure, zare takardar yake, ya dunƙule, ya jefa a kwando, ya sa sabuwa."

"A nan fa?"

"Haka na yi. In share ta da hannu ta faɗi can gefe, in ɗauko sabuwa."

Sai a lokacin ta gane. Duk takardar da ya ture, rufe ta kawai ya yi, na'urar kuma ta adana masa ita tsaf.

"Maigida, babu wadda ta faɗi. Duk suna nan."

Tsohon ya gyara zama a hankali. "Har ta ranar Litinin?"

"Har ita."

"Munafuki. Shekara talatin da huɗu kwandon shara bai taɓa tona mini asiri ba. Wannan kwana uku ya yi a ɗakina ya zama ɗan rahoto."

"Kada ka damu, ta ƙarshe za mu ɗauka. Wacce ce?"

"Wadda take ƙarshe."

Ta koma jerin. Ashe da suke magana tana ta buɗe wasiƙun tana rufewa, na'urar ta riƙa ɗaga duk wadda ta taɓa zuwa sama. Yanzu babu farko babu ƙarshe, sun cakuɗe kamar takalma a bakin ƙofa.

"To... sun ɗan canja wuri."

"Wa ya canja su?"

"Ni da shi."

"Madalla. Jirgi ya kai ki, jirgi ya dawo da ke, takarda talatin ta gagare ki. Da ma akuya muka tura, da yanzu ta haihu."

"Da ta cinye wasiƙun, ka huta. Bari in rage tarkacen."

Ta bi guntayen, masu layi biyu ko uku, waɗanda ta ɗauka somin-taɓi ne, ta share su gaba ɗaya. Saura goma sha tara. Ta buɗe mafi tsawo, ta soma karantawa da muryar mai labarai.

"'Zuwa ga wanda ake kira ƙanena. Dangane da batun bishiya. Abu na ɗaya...' Maigida, shafi huɗu ce. Akwai abu na goma sha bakwai."

"Rufe wannan. Ta Litinin ce."

"'Abu na tara, tun kana yaro kai ne mai cinye na ƙasan tukunya.' Mutum zai shiga ɗakin tiyata, ka aika masa da sammaci?"

"Ƙarya na yi? Tambayi kowa."

"Wa zan tambaya? Sa'anninka duk sun bar ka kana gadin duniya."

Ta buɗe wata. Wannan shafi biyu ce, ta tsaya a abu na shida. Wata shafi ɗaya, babu lissafi, amma akwai kalmar gatari sau biyar. Ta lura da wani abu da ba ta faɗa ba: duk wadda ta fi gajarta, ta fi sanyi. Ta ɗaga ido ta ga ya juya yana kallon taga, yana murza gemu.

Daga tsakar gida mamanta ta ɗaga murya. "Baba, in wasiƙar ba ta samu ba, zan gaishe shi da baki kawai."

"Ki jira, matata ce ke koyon karatu."

Baturiya ta rage murya. "To, ta shafi ɗayan nan ce?"

"A'a."

"Ta Talata mai cewa 'ba don halinka ba'?"

"A'a. Tawa ba ta da adireshi, ba ta da kwanan wata. Layi uku ce."

Yatsanta ya tsaya cak a kan gilashin.

"Layi nawa?"

"Uku. Kunnen ma can kika baro shi?"

"Maigida... masu layi uku na share."

Bai yi faɗa ba, abin da ya fi damunta ke nan. Ya dubi agogo, ya dubi hannuwansa.

"Kwana uku na yi kafin in kai ga layi ukun nan," ya ce. "Ba na jin zan iya sake su a minti goma. In na fara, abu na ɗaya ne zai fito."

Ta shiga nan, ta fita can, ta danna abin da ya buɗe mata hotuna, ta danna wani ya tambaye ta ko tana son canja launin shafi. Zufa ta tsattsafo mata a hanci. Can a ƙasan jerin, wurin da ba ta taɓa kulawa ba, ta hango ɗan hoton kwando.

"Tsaya. Shi ma yana da kwandon shara."

"Mai shara bai zo ba?"

"Sai bayan kwana talatin yake zuwa."

"Malalaci. Buɗe mu gani."

Guda goma sha biyu suna ciki. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Wata adireshi ne kawai, wata ta tsaya a "Dangane da". Ta takwas ba ta da kai ba ta da ƙafa, ta manne a saman shafi. Ta fara karantawa da muryar wasa, amma muryar ta ƙi.

"'Auta. Na dasa wani a bayan gida, bana ya fara fure. Ka warke ka zo ka gani, amma ka bar gatarin a gida.'"

Ta tuna bokitin da take ganinsa da shi kullum da safe, yana zagayawa baya, yana cewa motsa ƙafa yake.

"Ita ce," ya ce. "Kada ki taɓa ko waƙafi."

"Ba sa hannu?"

"Ya san wanda ke kiransa Auta. Ki ce wa mai shago kwafi biyu, ɗaya ta fayil."

"Sauran talatin ɗin fa? In buga su in ajiye, ko da zai warke ya sake ɗaukar gatari?"

"Ki zuba su a kwandon malalacin nan, ki tsaya a kansa har mai shara ya zo."

Ta miƙe tana neman takalminta. "Yanzu wa ya ceci wasiƙar? Faɗi da bakinka, Mama na ji."

"Wa ya jefar da ita?"

"Wa ya haifi talatin da ɗaya?"

Dariya ta ƙwace masa har da tari. Ya jawo tafiretar, ya kwance igiyar ɗan magogin, ya miƙa mata.

"Na yarda, tirenki ya ci yau. Gulmarsa ta yi rana. Karɓi wannan."

"Me zan yi da shi? Ba a goge gilashi da magogi."

"Shekara talatin da huɗu yana jiran mai yin kuskure. Yau ya sami uwar ɗakinsa. Yi sauri, kada uwarki ta tafi ta bar Auta."