Layin Allin Baba Sani

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da ranar da na goge layin alli.

Shekarar da aka fara Shari'a ce. Na bar karta, na tsayar da gemu, na koma hango bidi'a a ko'ina (har a kwanon miyar matata). Ina da tsohuwar a-kori-kura. Farfelarta, ƙarfen nan mai juya tayoyin baya, ta fara ƙara. Na kai ta garejin Baba Sani a Ƙaura.

Kafin ya raba farfelar gida biyu, sai ya ciro alli ya ja layi a mahaɗar, bakinsa na motsi. Na ce a raina, tsafi ne. Ya canza kuros, ɗan ƙarfen da ke riƙe kunnuwan farfela, aka kira Azahar, ya tafi masallaci. Ni mai gyara wa mutane addini ban bi shi ba. Na tofa yawu na goge layin, na zura ƙarfen yadda ya shiga, na ɗaure noti, na ja motata.

Washegari Alhamis, kasuwar Shinkafi. Surukata ta yi wata biyu tana ginin tukwane a Zurmi, ni zan kai ta da kayan. Matar da ko ruwa ban taɓa sha a gabanta ba.

Muna hawa kwalta na taka totur. Mota ta kama makyarkyata kamar mai masassara. Madubi ya faɗo. Daga baya ina jin ƙas, ƙas, ƙas. Kunya ta hana ni tsayawa. Ita ma kunya ta hana ta magana, sai salati.

A Shinkafi tsingaro muka sauke. Murfi ɗaya ya tsira. Ta juya shi, ta miƙo mani.

"Kai ma ɗiyata. Ka ce mun iso lahiya."

Na koma gareji. Baba Sani ya leƙa ƙarƙashi.

"Ina layina?"

"Na goge. Na ga kana tofi."

"Goro ni ka taunawa, Malam. Layin ga shi ka nuna inda haƙoran mahaɗa suka fito. In kunnuwan ƙarhen ba su daidaita ba, rawa za ta yi."

Ranar sunan Malam ya bi ni, har yau.

Yanzu in ban gane abu ba, nakan tambaya kafin in tofa yawu. Murfin yana nan. Duk lokacin da na fara wa'azi a gida, matata takan ɗauko shi ta ajiye a gabana.