Rasuwar Kaka, Mai Gadin Hanyar Kachia

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, amma da miƙa kai ga nufin Ubangiji, iyalin marigayi Simon Dickson na bayan layin dogo, Kafanchan, suna sanar da dangi, maƙwabta da 'yan ikilisiya rasuwar tsohuwar kwamfutarsu ta laftop, wadda duk unguwa ta sani da suna Kaka. Ta cika yau da rana a kan teburin shagon Mama, tsakanin kwalin sabulu da jarkar manja, a wurin da ta saba zama.

Babu wanda ya san shekarunta na gaskiya. 'Yar gwanjo ce, ta zo gidan nan da tabon wasu hannaye a jikinta, wasu haruffanta sun riga sun goge. Meshak, ɗan ƙanen Baba, shi ya kawo ta lokacin da yake karatun kwamfuta a nan garin, kuma shi ya ba ta aikin da ta mutu a kansa.

Ga yadda aikin ya samo asali. Nicholas, babban ɗan gidan, direban bas ne, Kaduna zuwa Kafanchan. Kamfanin da yake wa tuƙi suna da wata doka. Da an bar Kujama, kwandasta zai bi kujera kujera da jaka ya karɓi wayar kowa, har ta direba, a kashe, a ɗaure bakin jakar, ba a kwancewa sai an shiga Kachia. Wai don kada wani a cikin mota ya kira mutanen daji ya ce musu ga mu nan tafe. Doka ce mai kyau ga wanda yake cikin mota. Na gida su suke shan wuyarta.

Meshak ya gaji da ganin Mama tana fita bakin titi tana dawowa. Ya gano cewa kamfanin sun sa wa kowace bas na'urar da take nuna inda take. Sai ya samo wani ƙunshin kod, wato umarnin kwamfuta, da wasu suka rubuta suka bari kyauta, laburare suke ce masa, wanda ya san yadda ake ƙwanƙwasa ƙofar kwamfutar kamfanin a Kaduna a tambaye ta ina motoci suke. Ya roƙi kamfanin suka ba shi mabuɗi, wato lambar sirri ta shiga, ya ɗora nasa ɗan rubutun a kai, ya zuba duka a cikin Kaka. Daga ranar, wani ɗan koren ɗigo ya fara tafiya a kan taswira a fuskarta. Ɗigon nan Nicholas ne.

Marigayiya ba mai yawan magana ba ce. In bas ta wuce Kujama, takan ce "ƙwal", sau ɗaya. In ta shiga Kachia, "ƙwal-ƙwal". A Zonkwa kuwa cara take yi kamar zakara, wannan tsokanar Meshak ce. Sauran lokaci sai numfashinta kawai ake ji, "fuuu", kamar tsohuwar da ta hau dutsen Kagoro.

Ba ta taɓa ƙarya ba. Ba ta taɓa cewa Kachia alhali ana Kujama don a ji daɗi ba. Shi ya sa Mama ta ɗaure girkin yamma a bakinta: ba a ɗora tukunya a gidan nan sai Kaka ta faɗi Kachia. Ko itace ba a haɗawa. Rachael, autar gidan, ita ce mai zama kusa da ita, don ita ba ta iya hira da masu sayayya ba, ta fi iya kallo. Daga tsakar gida Mama za ta ɗaga murya, "Rachael, ta yi magana?" Ita kuma ta ce, "Tukuna, Mama." Madam Nkechinyere mai shagon atamfa, wadda kayanta suke biyo bas ɗin, takan leƙo ta ce, "Yarinya na, tsohuwa ya ce yaya? Ko yau ma yana barci?"

Ciwo ya daɗe yana cin ta. Farko gwiwar murfinta ce ta karye, aka tallafe ta da gwangwanin madara. Bayan nan batir ya kumbura har ta daina zama daidai a kan tebur. Tun damina wani baƙin layi ya fito a fuskarta, kullum yana ƙara faɗi. Meshak ya tafi bautar ƙasa nesa, ta waya yake duba ta. Ya sha cewa in ya zo Kirsimeti zai kwashe abin da ke cikinta ya sa a wata. Ba ta jira ba.

Yau ta tashi lafiya, ta yi aikinta. Rana tana tsaka ta ce "ƙwal". Rachael ta faɗa wa Mama an wuce Kujama, Mama ta ce Allah ya tsare, ta ci gaba da tsince shinkafa. Ɗigon ya yi ta tafiya a wurin nan da babu sunan gari ko ɗaya a taswira. Sai ya tsaya.

Rachael kaɗai ta gani. Ta zuba masa ido, ta goge fuskar da gefen zaninta, bai motsa ba. Can numfashin Kaka ya canza, ya koma "kirr, kirr", wani wari kamar na ƙonanniyar roba ya taso, fuskar ta yi baƙi. An danna, an cire caja an mayar, an yi mata fifita. Shiru.

Iyali ba su san wanda ya fara tsayawa ba. Ko Kaka ce ta fara mutuwa ta ciki, shi ya sa ɗigon ya daskare, bas kuwa tana can tana gudunta. Ko kuwa bas ɗin ce ta tsaya, Kaka ta nuna gaskiya kamar kullum sannan ta tafi. An kira Meshak. Ya ce mabuɗin yana cikinta, ba zai iya dubawa daga inda yake ba. Ya tambayi tsawon lokacin da ɗigon ya yi a tsaye kafin ta mutu, aka faɗa masa, sai ya ce zai sake kira. Rachael ta hau keke ta je tasha. Mai yankan tikiti ya ce mata netwok ne, haka wurin yake yi. Bai kalle ta ba da yake faɗa, kuma da wayarsa ta yi ƙara waje ya fita ya amsa. Wayar Nicholas har yanzu a kashe take. Rana ta sauka bayan tashar jirgin ƙasa.

Marigayiya ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif, linzamin kwamfuta marar lafiya, da gwangwanin da ya tallafe ta har ƙarshe. Ta bar Meshak, ubangidanta. Ta bar Madam Nkechinyere, wadda ta rufe shago da wuri ta zo ta zauna a nan. Ta bar Rachael. Ta bar Mama, wadda ta gama tsince shinkafa, ta juye ta a faranti, ta sake tsince ta daga farko.

Game da jana'iza: gawar tana nan a kan tebur, an rufe ta da farin mayafin Zumuntar Mata ta ikilisiya. Za a yi waƙoƙi da addu'a a ƙofar shago da zarar fasto ya iso. Ba a sa ranar binnewa ba. Nicholas ya taɓa cewa ranar da tsohuwar nan ta mutu shi zai ɗauke ta a kujerar gaba ya kai ta wurin masu gyara a Kaduna, don haka babu mai taɓa ta sai ya zo.

Iyali suna roƙon duk wanda ya biyo hanyar Kachia yau, a mota ko a mashin, ya daure ya fara biyowa ta nan kafin ya wuce gida. Ba sai ya yi doguwar gaisuwa ba. Ya nemi Rachael, ya faɗa mata abin da ya gani a hanya, a hankali, kada Mama ta ji daga bakin baƙo.

Masu zuwa ta'aziyya su yi haƙuri su ci abinci a gidajensu. A gidan nan ba a ɗora tukunya ba tukuna.

Sanarwa daga Rachael Simon, a madadin iyali.