Yadda Ake Yabon Faifan Mamaci Ba Tare da An Saurara Ba

Kai mai sharhin waƙa a mujalla, matso kusa. Ɗana Shunpei ya rasu da bazara, abokan kiɗansa suka fitar da faifansa na ƙarshe. Tun daga nan irinku ke sintiri a gidana na unguwar Koenji a Tokyo, har na haddace yadda kuke yi. Bi wannan, na ba ka tabbacin asirinka ba zai tonu ba.

1. Zo da faifan a ledarsa

Cire takalmi, durƙusa gaban hotonsa, kunna turaren tsinke, ka ajiye faifan a gefe. Kada ka yage ledar, kowa ya san faifan da aka buɗe darajarsa ta faɗi. Sannan ka ce min kwana kake kana jin sa. Ni tsohuwa ce, ina zan lura.

2. Nemo manyan kalmomi

Kada ka ce da daɗi ko ba daɗi. Wani Hozumi, mai baƙin tabarau har cikin ɗaki, ya rubuta cewa jitar Shunpei kukan birnin Tokyo ce. Maƙwabtanmu ma sun sha faɗin haka, sai dai su da sandar tsintsiya suke faɗa, a jikin bango.

3. Ka ce da kai aka fara

Rantse ka sha kallonsu a ɗan gidan kiɗa na ƙarƙashin ƙasa inda suke wasa. Tamaki, mai buga musu ganga, ta ce da duk masu faɗin haka sun zo, da sai an fasa gini. Ranar da na je, daga ni sai mai sayar da giya sai wani mai barci.

4. Kauce wa tambayata

Nan ne wurin haɗari. Na kasa kunna faifan, hannuna ba ya yarda. Don haka duk wanda ya zo, in na zuba masa shayi sai na tambaye shi, tsakani da Allah, ko yaron ya iya. Sunkuyar da kai ka ce abin ya wuce magana. Kurɓi shayi, ka tuna kana da jirgin ƙasa da za ka kama.

5. Kada ka yi irin ta Kuramochi

Shi ne tsohon da ya rubuta cewa faifansu na fari hayaniya ce zalla, har Shunpei ya daina cin abincin kirki. Ya zo da nasa kwafin faifan ƙarshen a aljihu, murfin duk ya karce. Na yi masa tambayar.

"Maman Shunpei, gangar ta yi yawa," in ji shi. "Kuma har yanzu in ya ja sama muryarsa zamewa take."

Na ce haka yake tun yana makaranta.

"Amma waƙa ta huɗu, wannan kam ya iya. Na so in faɗa masa ido da ido, ko don ya ji haushi."

Dubi abin da ya jawo wa kansa. Na gasa masa kifi, ya ci a kwanon yaron. Na sa shi ya kunna min ta huɗun, na gudu kicin na saki famfo don kada na ji. Can na kashe famfon. Muryar tana zamewa, haka ne. Na ce ya maimaita.

Gargaɗi

Ban yi karatu mai nisa ba, abin da na gani na faɗa. In ka yi suna da matakan nan, rabonka ne. In kuwa ka kuskura ka saurara, ka zo ka gaya min gaskiya, duk abin da ya same ka babu ruwana. Kuramochi har yau duk Lahadi yana nan, kuma shi ke wanke kwanuka.