Ƙasar Waje a Bayan Katanga

"Ni fa, ba a haifi ma'aikacin iyakar da zai tsayar da ni ba. Fasfona ya san hanya da kansa, ko sama na jefa shi a cikin jirgi zai sauka."

Wannan maganar Injiniya ce, aboki, amma kada sunan ya ruɗe ka. A ƙasar da ya je ci-rani, aikinsa ɗaure ƙofar firji ne a wata masana'anta. Shi ya raɗa wa kansa sunan, kuma in ka kira shi da wani suna sai ya zama kurma.

Da zai je hutu gida, matar da ke kula da takardun ma'aikata ta kira shi ofis.

"Malam, izinin aikinka yana da rai, amma bizar shiga da ke fasfonka ta mutu. Muddin kana cikin ƙasar, babu matsala. In ka fita kuwa, sai ofishin jakadanci ya buga maka sabuwa kafin ka dawo, kuma layin da tsawo."

"Baiwar Allah, biza ai ta baƙi ce, ni ɗan gida ne. Ranar da na shigo, mai duba fasfo har murmushi ya yi mini."

Gogan naka ya dira gida da baƙin tabarau da jaka mai taya, yana tafiya kamar an hana shi taka ƙasa. Ya cika unguwa da labari har kaji suka san yadda ake ɗaure firji. Da hutu ya ƙare, ya rabar da tsofaffin rigunansa, ya bi gida gida yana sallama. Maƙwabcinsa tela, wanda katanga ɗaya ta raba su, shi ya kai masa jaka mota.

A filin jirgi, mai karɓar tikiti ta juya fasfon gaba da baya.

"Ina sabuwar bizar?"

"Ga izinin aikina nan."

"Wannan na aiki ne, ba na shiga ba."

"Kira mini shugabanki."

Shugaban ya zo, ya maimaita abin da ta faɗa, sai dai da murya mai kauri. Injiniya ya cire tabarau, ya zare ido.

"Ka san ko ni wane ne?"

"Na sani, ga sunanka nan a fasfo. Matsa gefe, akwai mutane a bayanka."

Jirgi ya tashi da kujerar Injiniya babu Injiniya. Bai karaya ba, ya gyara kwat ya wuce ofishin jakadanci, ya ce wa mai gadi a shaida wa jakada ya iso. Mai gadi ya ce sai an yi rajista ta waya an ba mutum rana, kuma ranar da ta rage ta fi kusa da baɗi.

Ya kira shugaban ma'aikata na masana'antarsu yana gumi.

"Za mu riƙe maka gurbinka zuwa ƙarshen wata," in ji shugaban. "Bayan nan sai haƙuri."

To, aiki yana neman suɓucewa, amma abin da ya fi ci masa rai shi ne sallamar da ya yi wa unguwa. Sai ya ɗauki tasi da rana tsaka, lokacin da kowa ya shige inuwa, ya kwanta a kujerar baya kamar buhu, direba ya manna motar da ƙofar gida.

"Duk wanda ya tambaya, na tafi," ya ce wa matarsa.

"Maigida, gaskiya ba ta fi sauƙi ba?"

"Ke dai ki share mini ɗakin ajiya."

Nan ya tare, tsakanin matacciyar fanka da buhunan gawayi. Tari ma sai ya cusa kai cikin matashi. Da kwana ya ja, sai ya ga ƙaryar tana buƙatar turaku, ya ɗauki waya ya kira tela.

"Maƙwabci, ina gaisuwa daga nesa. Mun sauka lafiya."

"Madalla, Injiniya. Ya hanya?"

"Kai dai bari. A filin jirgi har sara mini suka yi. Sanyi kuwa ake zubawa a nan, yanzu haka riga uku ce a jikina."

Daidai nan zakaran tela ya hau katanga, ya buɗe maƙogwaro ya yi cara. Tela ya ji ta a kunnen hagu, ya kuma ji ta a cikin waya.

"Ashe akwai zakaru a can?"

"Akwai mana, manya ma. Irin na ƙasar waje."

"Allah Sarki, muryarsa sak ta nawa." Tela ya ɗaga kai ya dubi katanga. "Injiniya, kashe wayar nan kada ka yi asarar kati, tun shekaranjiya nake jin minsharinka ta bango. Kuma tunda kana ƙasar waje, taimaka ka koro mini zakaran nan ya dawo gida, shi ba ya buƙatar biza."