Ɗinkin Gwiwar Haladu

Wani mutum ne a unguwarmu, Haladu, tsohon mai tsaron baya a ƙungiyar ƙwallonmu. Tun da jijiyar gwiwarsa ta tsinke, kunnen majalisa bai sake hutawa ba. Kullum gwiwa a naɗe da bandeji, baki kuwa ba linzami.

"Ni fa ranar da aka yi mini aiki, cewa na yi su riƙe allurar barcinsu. Ina zaune ina cin gyaɗa, ina nuna wa likita inda zai yanka."

Ana nan sai Isiyaku tela ya faɗo daga babur, tim, shi ma tasa jijiyar ta tsinke. 'Yan majalisa suka ce wa zai raka shi asibiti in ba gwani ba? Haladu kuwa, in akwai inda ba ya son a ga fuskarsa, to can ne. Ya ce mura yake yi. Ya ce akwai wani mai ɗori a ƙauye. Ina, aka tura shi cikin a-daidaita-sahu da mutum uku. Ya ɗaura takunkumi, ya danno hula har gira.

Likita ya duba Isiyaku, ya ce, "Ba zan ɓoye maka ba. Wani a yi masa ya koma gudu, wani gwiwar ta ƙage, wani sai an sake. Ba ni da tabbas."

Isiyaku ya ce, "Likita, ni tela ne, ba na yarda da ɗinki sai na ga samfuri. Haladu, kawo naka."

"Ka bari mana, iska za ta shiga!"

Tuni Isiyaku ya cafko bakin bandeji, warrr. Ya juya gwiwar nan gaba da baya yana laluben ɗinki. Sumul take, ko ƙwarzane babu.

Wata dattijuwar nas ta gyara tabarau. "Haladu? Bawan Allah, ba kai ne ka ga almakashi ka dira ta taga da rigar tiyata ba?"

Ta fita, ta dawo da baƙar leda, ta ɗora masa a cinya.

"Ga wandonka, shekara uku muna ajiye da shi. Ina rigarmu?"