Jibo Mai Faci a Gaban Alƙali

Duk tashar motar garinmu babu wanda bai san Jibo mai faci ba. Ba don iya facin ba, don baki. A faɗarsa, ya taɓa shaƙe ɗan fashi da hannu ɗaya yana shan rake da ɗayan. Ga shi kuma lauyan kansa. Kullum yana gindin darbejiya yana koya wa direbobi doka.

"Duk wanda ya fara taɓa ka, kakkarya shi," in ji shi. "Sunansa kare kai. Alƙali ma sannu zai yi maka."

Ran kasuwa da rana tsaka, Jibo ya sunkuya yana kwance taya, sai ya ji hannu mai sanyi a ƙeyarsa. Ko waiwaye bai yi ba. Ya kurma ihu, ya wulwulo ƙarfen taya, ƙwal! Ashe Baba Nomau ne mai zoɓon ƙanƙara, tsoho siriri kamar sillen kara, ya zo tambayar ko zai sha. Hannun tsoho ya karye.

Ranar shari'a tasha ta watse, kowa ya tafi kallo. Jibo ya shigo yana buɗa hammata.

"Allah ya gafarta Malam, kare kaina na yi. Shi ya fara taɓa ni."

Alƙali ya dube shi ta saman tabarau. "Kare kai na wanda ya ga ransa cikin haɗari ne, tsoro ya kama shi da gaske. Ka ji tsoro?"

Jibo ya saci kallon direbobi. "Ni? Ko a mafarki."

"To, da gangan ka karya tsoho ke nan. Gidan yari." Alƙali ya ɗauki biro.

Gumi ya karyo wa Jibo. "A dakata tukuna. Na ɗan razana."

"Ɗan razana ba ya fid da kai. Kuma ko ka fita, kuɗin ɗori na wuyanka."

"Na ji tsoro," ya ce can ƙasa-ƙasa.

"Ɗaga murya, magatakarda bai ji ba. Sannan ka kawo shaida."

Sai Baba Nomau ya ɗaga hannunsa mai lafiya.

"Ranka ya daɗe, kada a ɗaure yaron nan, ni ne shaidarsa. Wallahi ya ji tsoro. Ai da na faɗi, cikin fitsarinsa na faɗi."