Ranar da Ciyaman Ya Gayyaci Shanu

Duk faɗin Badafi babu mai kai irin na Ciyaman Uba, shugaban ƙungiyar manoma. Shi da kansa ya tabbatar da haka. "Ni ba na mantuwa," yakan ce, yana ƙwanƙwasa goshi. "Abin da ya shiga nan ya shiga ke nan." Shi ya sa ake ce masa Kwamfuta, a gabansa da ladabi, a bayansa da dariya.

Sai dai kwamfutar takan ɗauke wuta ranar kasuwa. Akwai wani maganin sanyi da yake saye a bayan tasha, ya juye a filas ɗin shayi. Sanyin mai naci ne, ko a tsakiyar bazara bai taɓa sakinsa ba. Masu baƙin ciki dai giya suke kiran maganin. In ya sha, washegari yakan farka da takalmi ƙafa ɗaya, bai san ta inda ya biyo ba.

A garin, in an gama girbi manomi kan kira makiyaya shanunsu su ci kara su bar masa taki. Wata safiya, washegarin kasuwa, Ciyaman ya je duba dawarsa, abincin gidansa na shekara, saura kaɗan a yanke. Ya tarar da shanun Rufa'i makiyayi kwance a ciki suna tuƙa. Bai zame ko'ina ba sai ƙofar dagaci.

"Ranka ya daɗe, an taɓa ni, an taɓa noman ƙasar nan baki ɗaya. A biya ni, a kuma hukunta."

Aka kira Rufa'i, ya zo ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, jiya da la'asar shi ya zo ruga ya ce ya yi girbi. Na ce dawa na tsaye, ya ce na fi shi sanin gonarsa ne? Shi ya cire shinge, shi ya kora shanun ciki da hularsa."

Maƙwabta suka shaida. Wani ya ƙara da cewa har jawabin maraba ya yi wa shanun.

Dagaci ya ce, "Malam Uba, in ba ka cikin hayyacinka jiya, faɗi abin da ya gusar da shi, sai a duba batun biya."

Ciyaman ya laluba kansa. Daga kasuwa zuwa wayewar gari babu komai, fayau. Tsoro ya kama shi. In ya faɗi gaskiya, kujera ta tafi, Hisba kuma ta ji. Sai ya gyara babbar riga.

"Na tuna sarai. Sabon tsarin taki ne na zamani. Gwada ku nake yi in ga ko kun waye."

Aka watse ana jinjina wa basirarsa, wasu har da share hawaye. Ya shiga gida yana taƙama. Matarsa Furera na tsaye bakin rumbu da ƙwarya a hannu.

"Sannu da zuwa, maigida," ta ce. "To takin nan, da miyar kuka za mu ci shi ko da kuɓewa?"